Tsohuwar Rauta a Tagar Auta

Masu fenti ne suka cire kebul ɗin, amma ba da ra'ayin kansu ba.

Da hantsi Auta tana gaban kwamfutarta, tana tura wa wani ɗan kwangila zanen gidan da ta gama, sai aikin ya tsaya cik a tsakiya. Ta ɗauka sabis ne ya yi halinsa. Ta jira, ta sake gwadawa, shiru. Da ta garo kekenta na guragu ta leƙa ta taga, sai ta hango shuɗin kebul ɗin da ke saukowa daga bene zuwa ɗakinta a naɗe a tsakar gida, wani mai fenti kuma yana kan tsani yana toshe ramukan da ƙusoshi suka bari.

"Malam, wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Mai gidan ne, ranki ya daɗe. Ya ce a cire duk abin da ke jikin bango."

"Har da abin da nake aiki da shi?"

Mutumin ya dubi buroshin hannunsa kamar shi ne zai ba da amsa, ya ci gaba da abin da yake yi.

Mai gidan yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan mahaifinsu ne, Yaya ya ɗora bene a kai ya koma sama da iyalinsa, ita kuma ta ci gaba da zama a ƙasa, a ɗakin kusurwa da ta tashi a ciki. Ita ce ƙarshe a ɗakinsu, shi ya sa har ta doshi arba'in ba wanda ke kiranta da wani suna sai Auta. A da tana aiki a wani ofishin masu zanen gine-gine. Haɗarin mota ya taɓa mata laka, ƙafafun suka daina ɗaukarta, ofishin kuma a hawa na uku yake. Ba ta daɗe tana zaman banza ba ta sa aka kawo mata kwamfutar tebur mai faffaɗan allo, ta ci gaba da zane daga ɗaki. Kwamfutar tana da ƙarfin ɗaukar manyan zane-zane, sai dai ba ta san wani abu wai shi wayifai ba. Sai an sa mata kebul take ganin intanet, rautar gidan kuwa, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, tana sama, a falon Yaya.

Da yamma ta ji tsayuwar motarsa, ta fito ta tare shi a ƙasan matakala.

"Yaya, sannu da zuwa. Masu fenti sun cire min kebul."

"Ni na ce su cire." Ya sauya jakarsa daga hannu zuwa hannu. "Ba za a gyara gida fes a kuma rataya masa igiya kamar shanya ba."

"To a bi da shi ta cikin bututu. Ba wanda zai gani."

"Ba za a bi da shi ta ko'ina ba."

Sai a lokacin ta gane ba maganar fenti ake yi ba. A watannin baya dogon zama ya fitar mata da gyambo a mazaunai, ya ci har sai da aka kwantar da ita a asibiti. Yaya ne ya yi jinyarta shi da matarsa, shi ne kuma yake tsaye lokacin da likita ya ce in ba ta rage zama a gaban tebur ba, na gaba zai iya kaiwa ga ƙashi.

"Ai na warke," in ji ta.

"Kin warke ki koma ki janyo wani? Auta, me kika rasa a gidan nan? Ci ko sha ko sutura? Shekaranjiya wani ya tare ni a wurin aiki yana ce min ƙanwarka akwai ƙoƙari, ko hutu ba ta yi. A gaban mutane fa. Kamar na kasa riƙe ki."

"Yabo na ya yi, ba zaginka ba."

"Ni dai na gama magana. Ki huta. In hira kike so ga waya nan a hannunki."

"Ba hira nake so ba. Kebul ɗina nake so."

Ya hau matakala bai waiwayo ba. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Matakalar nan tana gabanta kullum, amma ba ta taɓa jin haushinta kamar ranar ba, don ta san ya san ba za ta iya bin shi sama ta ƙarasa maganar ba.

Washegari matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ta sauko da karin kumallo ta same ta ta haɗe rai. Anti mace ce mai son zaman lafiya, mai yawan dariya, kuma tun shigowarta gidan jininsu ya haɗu da Auta.

"Ki ci abinci dai tukuna. Kin san yayanki, in ya kafe ko jirgin ƙasa sai ya kauce masa."

"Ni ma ai gida ɗaya muka fito."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan," in ji Anti tana dariya.

Auta ta aika aka sayo mata ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa kwamfuta a baya don ta kama wayifai. Ya kama sunan wayifan sama, amma bai kawo komai ba. Tsohon ginin mahaifinsu bangonsa kauri gare shi, teburinta kuma yana can ƙuryar ɗaki. Ko wayarta ba ta ganin wayifan sama sai ta zo bakin ƙofa ko ta ɗaga ta a taga, sabis ɗin layin waya kuwa a ɗakin nan sai dai a yi sallama a ji muryar juna. Ɗan kwangila ya kira.

"Injiniya, ina zanen? Magina suna zaune suna cin gyaɗa a kaina."

"Ka ba ni lokaci kaɗan. An samu matsala a gida."

"Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Matsalar bango ce."

Ta zauna a bakin ƙofa, inda wayar ke kamawa, tana ta bincike har rana ta zo kanta. A nan ta ci karo da abin da take nema. Ashe tsohuwar rauta, in tana da wannan zaɓin a cikinta, ana iya juya mata aiki: maimakon ta karɓi intanet ta kebul ta watsa a iska, sai ta kamo daga iska ta zuba wa kwamfuta ta kebul. Kuma rauta tana da eriya, ana iya ajiye ta inda sabis yake, ba dole sai a ƙarƙashin tebur ba.

"Anti!" ta ƙwala kira. "Ina tsohuwar rautar nan da aka cire lokacin da kuka sauya kamfani?"

Anti ta leƙo daga bene. "Baƙar nan mai ƙaho biyu? Tana sito in ba a zubar ba. Me za ki yi da ita?"

"Ki dai taimaka ki duba min."

Siton yana da dakali a bakinsa, keke ba ya hawa. Auta ta tsaya a waje tana jin Anti tana ture kwalaye tana atishawa tana tsine wa ƙura. Can sai ga ta ta fito da rautar a hannu ɗaya, cajarta a ɗayan, ga yanar gizo-gizo a ɗankwalinta.

"Ga ta. In yayanki ya tambaya, ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

"In ya tambaya ki ce ni na sa ki. Ba ɓoyewa nake yi ba."

Ta goge rautar da tsumma ta jona ta a wuta. Fitilun gabanta suka yi ja, suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ta nemo guntun kebul a cikin kwalin kwamfuta ta haɗa su. A bayan rautar akwai wani rami ɗan mitsitsi kamar hujin kunne. Ta karɓi fil ɗin mayafin Anti ta danna ciki ta riƙe har fitilun suka mutu suka dawo, rautar ta manta duk abin da aka taɓa koya mata. Ta kifa ta, ta karanta lambobin da ke manne a cikinta, ta buga su a kwamfuta. Shafin saiti ya buɗe. Ta bi shi layi layi, tana tunanin in babu zaɓin a ciki wahalar banza ta sa Anti. Yana nan. Ta zaɓa, rautar ta lalubo sunayen wayifan da ke kusa, na Yaya a sama. Ta sa lambar sirrin ta adana.

Sai shafin ya ɓace. Intanet bai zo ba, ita ma rautar ta daina amsa mata.

"Ta mutu?" in ji Anti.

"Ba ta isa ba."

Ta sake danna fil, ta sake bin hanyar, ta sake faɗawa rami ɗaya. Bayanta ya fara ciwo. Ta kama hannayen keken ta ɗaga jikinta sama na ɗan lokaci kamar yadda aka koya mata a asibiti, ta sauka, ta koma bakin ƙofa ta ƙara karatu. Da ta gano abin sai da ta yi tsaki. Tsohuwar rautar da sabuwar ta sama lambar adireshi ɗaya suke amsawa, da zarar sun haɗu sai kwamfuta ta rasa wadda take kira.

"Kamar a gida ɗaya a samu masu suna ɗaya," ta ce wa Anti. "A kira ɗaya, duka su amsa, ko duka su yi shiru."

"To ki raɗa wa ɗaya wani sunan mana."

Haka ta yi. Ta sauya wa tsohuwar lamba kafin komai, sannan ta haɗa ta da ta sama. Anti ta hau kujera ta ɗaure rautar a ƙarfen tagar da ke kallon tsakar gida da wani ƙyallen atamfa, Auta tana ƙasa tana cewa ta ɗan karkata eriyar, a'a ta yi yawa, yauwa nan. Zanen da ya maƙale tun jiya ya tafi kafin Anti ta sauko daga kujera. Auta ta buga tebur da tafin hannu har kofin shayi ya yi tsalle.

Ta samu 'yan kwanaki tana aikinta. Ba ta rufe taga ba, ba ta sakaya rautar da labule ba. Duk wanda ya ratsa tsakar gida zai ga baƙin abu mai ƙaho biyu yana ƙyafta koren ido. Yaya ya gani. Wata yamma ya tsaya ya daɗe yana kallonsa da makullin mota a hannu, sannan ya haye sama.

Da safe babu intanet a kwamfuta, babu a wayarta. Anti ta sauko jiki a sanyaye.

"Ya sauya lambar sirrin. Ya karɓi wayata da na yara ya sa mana da kansa, ya ƙi faɗa. Wallahi na yi magana har na gaji."

"Na sani, Anti. Kada ki sa kanki a tsakiya."

"Ko ki bari ya huce? Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ke ba ki ga yadda ya koma ba lokacin da kike asibiti."

"Na gani. Ni ce a kan gadon ai." Ta ƙara da cewa, "Tsoron nasa ne, zaman nawa ne. In na bar aikin nan me zan tashi in yi da safe? In ƙirga silin?"

Bayan Anti ta fita, Auta ta sake buɗe shafin saitin ta sa rautar ta laluba. Sunan wayifan Yaya ya fito a sama, cike da ƙarfi, a kulle. A can ƙasa akwai wani mai ɗigo ɗaya tak, an rubuta masa suna Kemis. Ta san wurin. Shagon magani ne a lungun bayan gidansu, tagar bayan ɗakinta tana kallonsa kai tsaye. Shekara da shekaru tana ganin mai shagon tana buɗewa tana rufewa, amma magana ba ta taɓa haɗa su ba, don kullum aike ake yi mata.

Ta yafa mayafi ta sa safar hannu. Rabon da ta fita titi ita kaɗai, ba mota ba mai turawa, har ta manta. Ƙofar gidan ma sai da ta yi kokawa da sakata. A waje kwata ce ta fara tare ta, an ɗora mata siminti mai tsagewa a tsakiya. Ta tsaya ta auna da ido, ta ja baya, ta zo da ƙarfi ta haye. Ta zagaya ta kwanar masu faci, ƙasar wurin duk tsakuwa ce da baƙin mai, ƙaramar tayar gaba tana ta nutsewa. Wani mai shayi ya taso zai tura ta.

"Na gode, bar ni. In na kasa zan kira ka."

Ba ta kira shi ba. Ta isa bakin kemis gumi ya jiƙe mata wuya. Nan kuma ga matakala a ƙofar shagon. Ta yi sallama daga ƙasa.

Mai Kemis ta fito, dattijuwa ce mai jiki, da tabarau a kan hanci. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, an san ta da rashin ɓoye-ɓoye.

"Ikon Allah! Ba ke ce ta tagar can ba? Ke kaɗai? Wane magani ne ya fito da ke da ranar nan?"

"Ba magani ba ne, Mama. Wayifanki na zo roƙo."

Ta ba ta labari daga farko, ba ta rage komai ba, har gyambon da abin da likita ya ce. Mai Kemis ta saurara tana naɗe da hannu.

"Ni fa ba na shiga faɗan gida. Yayanki mutumin kirki ne, a nan yake sayen maganin hawan jininsa. Kuma gaskiya ya faɗa. Na wanke irin gyambon nan da hannuna, na ga inda yake kai mutum."

"Ban ce ƙarya ya yi ba. Na ce ba shi zai yanke min ba."

"Kina ɗaga jiki?"

"Ina yi."

"Kina sauka ki kwanta da rana?"

Auta ta ce, "Ba kullum ba."

"To kin ji. Ƙarya ce ba ki iya ba, ban da haka da tuni na kore ki." Ta sauko ta zauna a kan matakalar, tsayinsu ya zo ɗaya. "Ni ma da na ce zan buɗe shagon nan bayan ritaya, 'ya'yana taruwa suka yi a kaina, wai in zauna in huta. Na ce musu in na mutu na huta. Me kike zanawa ne ma?"

"Gidaje, shaguna. Duk abin da za a gina."

"Za ki iya yi min wani abu a kan matakalar nan? Tsofaffi kullum sai an kamo su, wasu daga ƙasa suke miƙo takardar likita kamar masu bara."

Auta ta dubi faɗin ƙofar da tazararta da kwata. "Kai tsaye ba zai yiwu ba, zai yi tsayi, mutum ya gangaro ya faɗa titi. Sai dai a kwantar da gangaren ta gefe, ya bi jikin bango, a sa masa ƙarfen riƙewa."

"Ki zana min. Ni kuma in ba ki lambar. Amma da sharaɗi: in rana ta take in leƙo in ga kanki a tagar nan, kashe abin zan yi daga nan. Ba wasa nake ba."

"Wannan ai wani Yayan na samu."

"A'a. Shi ya hana ki, ni tsawata miki nake yi. In ba ki so, ga hanya."

Auta ta yi dariya, karon farko tun da aka cire kebul. "Na yarda."

Sai da aka sauya wa ɗakin fasali. Guntun kebul ɗin ba ya kaiwa tagar baya, don haka ita da Anti suka ja tebur, Anti na turawa, Auta na ja da hannu ɗaya tana tuƙa keke da ɗayan, suka matsar da akwatin kaya, gado ya koma inda tebur yake. Anti ta kwance rautar ta ɗaure ta a ƙarfen tagar baya, eriyoyin suna kallon lungu. Ɗigo ɗaya ya koma uku. Bai kai na sama gudu ba, amma yana kai zane inda aka aike shi.

Ranar da ba ya zuwa aiki, Yaya ya sauko da hantsi ya yi sallama a ƙofarta. Ya shigo ya ga ɗakin a juye, ya ga allo cike da layukan wani gini, ya ga rautar a sabon wurinta.

"Wa ya ba ki lambar?" Ya juya yana neman matarsa da ido.

"Ba taka ba ce. Ta Mai Kemis ce."

"Mai Kemis? Wa kika aika?"

"Ni na je."

"Da ƙafar wa?" Maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta. Ya runtse ido.

"Da hannuna," in ji Auta.

Ya ja numfashi. "Wato kin fita kin gaya wa unguwa yayanki ya hana ki intanet. Kin je roƙo a maƙwabta ina raye."

"Ka hana ni ɗin ai. Ƙarya na yi maka?"

"Don lafiyarki na yi!"

"Da don lafiyata ne kaɗai, da ka zauna mun yi magana. Ba ka tambaye ni ba, Yaya. Masu fenti ka aiko."

Ya nuna tagar. "Wannan abin nawa ne. Ni na saye shi."

"Naka ne. Yana sito ɓeraye na fitsari a kai."

"To zan ɗauki abina."

Ya taka zai nufi tagar. Tsakanin tebur da bango hanya ɗaya ce, 'yar siririya. Auta ta murza tayoyi ta shiga ta cike ta, ta ja birki na dama, ta ja na hagu. Ƙarar ƙarfen ta fito sarai a ɗakin.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba. Ka ɗaga ni ka ajiye a gefe, ai ka iya. Ka sha yi. Amma ka sani yau ba taimako na za ka yi ba."

Yaya ya tsaya. Shi ne ya ɗauke ta a hannu daga mota zuwa ɗakin nan ranar da aka sallamo ta bayan haɗarin, shi ne yake ɗaga ta duk ranar zuwa asibiti, kuma bai taɓa yi ba sai ya ce mata "Kin shirya?" Hannayensa suka ɗan motsa suka koma. Anti tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi.

"In ciwon nan ya dawo fa?" Muryarsa ta sauka. "Ke ba ki san abin da na gani ba."

"In ya dawo a jikina zai dawo. Ina kwanciya da rana yanzu, ina ɗaga jiki, na sa an sauya min matashin keke. Ba don ka cire kebul ba, don ina son in daɗe ina aikina. Ka tambaye ni kullum in kana so, zan gaya maka gaskiya. Amma ba za ka kashe ni da hutu ba."

"Taurin kai kamar na Baba."

"Kai ma ba a maƙwabta ka aro naka ba."

Anti ta kasa riƙewa, dariya ta fito mata ta hanci. Yaya ya harare ta, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi rautar da ke ɗaure da ƙyalle. Ya juya ya fita, ya ja ƙofar da ƙarfi fiye da yadda take bukata.

Auta da Yaya sun ɗauki lokaci gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Auta ta gama zanen gangaren, magini ya zo ya fara fasa gefen matakalar kemis, tana kallonsa ta taga tana ɗaga masa murya in ya kauce wa awo. In rana ta take, Mai Kemis takan fito ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon tagar, Auta ta ɗaga mata hannu ta gangara gado. Sau ɗaya ta yi kunnen ƙashi don aiki ya taru, intanet ɗin kuwa ya ɗauke a take, bai dawo ba sai la'asar.

Wata safiya Anti ta shigo tana murmushi ta zauna a bakin gado.

"Yayanki ya ce in faɗa miki sabuwar lambar. Wai bai dace a ce gida da intanet kina jan na maƙwabta ba. Kawo wayarki in sa miki."

"Shi ya ce, ko ke kika matsa masa?"

"Shi ya ce, da bakinsa. Yana ɗaure igiyar takalmi ya faɗa, ko kallona bai yi ba."

Auta ta juya ta dubi allo. Tana tsakiyar fitar da tagogin wani asibitin haihuwa ne da ɗan kwangilar ya kawo mata, aiki mafi girma da ta taɓa samu daga ɗakin nan.

"Ki ce masa na gode, Allah ya ƙara girma. Ki ce ina da inda nake kamawa."

"Haba Auta! Mutum ya sauko, ke kuma ki hau?"

"Bai sauko ba, aike ya yi. Ni ba zan iya hawa wurinsa ba, shi kuwa ƙafarsa ƙalau. Ranar da yake son ba ni, ya san ƙofar ɗakina."

Anti ta tafa hannu ta miƙe. "Ni dai na shiga uku da ku. Haka zan faɗa masa?"

"Haka za ki faɗa masa. Ki ƙara da cewa ya sha maganinsa, Mai Kemis ta ce bai zo ya karɓa ba."

Wayarta ta yi ƙara. Ɗan kwangila ne, yana tambaya ko za a iya faɗaɗa ƙofar ɗakin tiyata. Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta jawo zanen kusa, ta ce masa ya faɗo awon da yake so.